Yanke Shawara a Wurin Aiki: Jagora ga Wanda Aka Ɗora wa Shugabancin Ma'aikata

A yawancin wuraren aikinmu na Sakkwato, tun daga ofisoshin gwamnati da makarantu masu zaman kansu har zuwa injinan casar shinkafa da manyan shagunan kasuwa, ana ɗaga mutum zuwa shugabanci ne saboda ya iya aikin hannunsa. Akawun da lissafinsa ba ya kuskure shi ake mayarwa manaja, malamar da ɗalibanta suka fi cin jarrabawa ita ake ba riƙon makaranta. Ranar da mutum ya hau kujerar sai ya tarar aikin da ya ƙware a kai ya koma hannun wasu, shi kuwa abin da ya rage masa shi ne ya faɗi wanda zai yi kaza, da abin da za a saya, da abin da za a jinkirta, da wanda za a ja wa kunne. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma da wuya a sami wanda aka zaunar aka koya masa ita kafin a danƙa masa mutane.

Abin da na lura ya fi kayar da shugabanni a wurinmu shi ne rashin isowar gaskiya kunnensu a kan lokaci. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abin alfahari ce, amma a wurin aiki takan sa na ƙasa ya ga rami a gaban maigidansa ya yi shiru don kada a ce ya yi rashin kunya. Saboda haka matakan da ke tafe duk sun ginu a kan abu ɗaya, wato yadda shugaba zai buɗe hanyar da gaskiya za ta iso gare shi, sannan ya yanke magana da kansa ba tare da jan ƙafa ba.

Mataki na farko: gano ainihin matsalar

Ƙorafin da ya fara isowa teburin shugaba yawanci alama ce kawai, cutar tana can ƙasa. Mu ɗauki misalin manajan wani injin casar shinkafa da ke sayo shanshera daga fadamun Wurno da Goronyo. A ce a watan Afrilu masu sari suka fara kukan cewa karyayyar shinkafa ta yi yawa a buhu. Abin da zai fara zuwa zuciyar manaja shi ne mai kula da inji ya yi sakaci, ko kuma injin ya tsufa a nemo sabo. Idan ya yanke hukunci a nan, ko dai ya zalunci ma'aikaci ko ya kashe kuɗi a banza.

Kamfanin motoci na Toyota da ke Japan ya shahara da wata hanya mai sauƙi da Taiichi Ohno ya yaɗa a masana'antarsu, wato a tambayi dalili sau biyar a jere kafin a taɓa komai. Me ya sa shinkafar ke karyewa? Saboda ƙwayar tana shiga inji da tsaga a jikinta. Me ya sa take tsagewa? Saboda ta bushe fiye da kima, alhali damshin da ya dace da casa yana wajen kashi 14 cikin ɗari. Me ya sa ta bushe haka? Saboda ana barin ta a shanya tun hantsi har la'asar, a lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Me ya sa ba a kwashe ta da wuri? Saboda leburorin da ke kwashewa an mayar da su lodin mota da tsakar rana. Wa ya mayar da su? Manajan da kansa, makonni uku da suka wuce, lokacin da wani babban mai saye ya yi fushi a kan jinkirin lodi. Ga shi tambaya ta biyar ta dawo da maganar kan teburin mai tambayar, kuma sau da yawa haka take ƙarewa, shi ya sa shugabanni da dama ke tsayawa a tambaya ta biyu.

Ba a yin wannan bincike daga cikin ofis mai sanyi. Gani ya kori ji. Ka taka zuwa wurin shanya, ka tsaya a sito, ka shiga aji ko ɗakin jiran marasa lafiya a lokacin da aiki ya fi tsanani, ka kalli yadda abin ke gudana da idonka. Bayan ka dawo, ka rubuta matsalar a jimla ɗaya wadda ba sunan kowa a cikinta. Idan jimlar ta ƙi fita ba tare da sunan mutum ba, akwai yiwuwar laifi kake nema wa mazauni, ba ka kai ga gano dalili ba tukuna.

Mataki na biyu: sanin nauyin shawarar da kuma mai ita

Kafin ka tara mutane, ka tambayi kanka ko abin da za a yanke ana iya warware shi in ya ƙi. Sauya jadawalin aiki a watan azumi domin a fara da sassafe a tashi da wuri abu ne da za a gwada mako guda a gyara. Korar ma'aikaci, ko cin bashin banki, ko sa hannu a kwangilar shekara biyu, waɗannan in an shiga fita tana da tsada. Irin na farko a yanke shi da sauri, ko ma a bar wa na ƙasa, na biyun kuwa a ba shi kwanaki da bincike. Kuskuren da ya yawaita shi ne a juya lamarin, a shafe awa biyu ana taro a kan launin fentin ofis, sannan a amince da dillalin da zai riƙa kawo kaya shekara guda a cikin hirar minti biyar bayan sallar azahar.

Sai kuma ka tabbatar shawarar taka ce. A aikin gwamnati akwai abin da ya wuce ikon shugaban sashe sai darakta ko babban sakatare, a kamfani kuma akwai abin da sai mai dukiya. Wanda ya yanke abin da ba huruminsa ba zai sha kunyar janyewa a gaban mutanensa, wanda kuma yake tura kowace ƙaramar magana sama zai wayi gari ma'aikatansa suna tsallake shi.

Mataki na uku: neman shawara ta gaskiya

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Mutumin Sakkwato ba ya bukatar a je nesa a nemo masa hujjar shawara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa ginshiƙan mulki guda biyar: kada a ba da shugabanci ga mai nemansa, a lizimci shawara, a bar tsanantawa, a yi adalci, a kuma kyautata. Biyu daga cikinsu a haɗe suke, domin shugaba mai tsanani ko ya kira taron shawara ba zai ji komai ba sai amsa amo. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ma da tausasawa ta fara, ta nuna cewa mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya mutane watsewa suke daga gare shi, sannan ta yi umarni da a shawarce su cikin al'amari. A yaƙin Badar, Hubabu ɗan Munzir ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce dabara ce sai ya ba da shawarar a matsa kusa da ruwa, aka kuma bi shawararsa. Abin lura a nan shi ne an samar da yanayin da na ƙasa zai iya buɗe baki ya yi irin wannan tambaya.

A taron ma'aikata irin namu, da zarar shugaba ya fara da faɗin ra'ayinsa, magana ta ƙare. Abin da zai biyo baya shi ne "Ranka shi daɗe, yadda ka ce haka za a yi," ko da rabin mutanen ɗakin sun san hanyar ba za ta ɓulle ba. Saboda haka ka shimfiɗa matsalar, ka riƙe ra'ayinka sai ƙarshe. Ka fara da mafi ƙanƙanta a matsayi, ka bi zuwa sama, domin idan dattijon wurin ya riga ya yi magana, yaro ba zai saɓa masa a bainar jama'a ba. Ka kuma gyara irin tambayar da kake yi. "Akwai mai magana?" ba ta haifar da komai sai shiru. Amma idan ka dubi mai kula da sito ka ce, "Malam, in muka mayar da lodi zuwa bayan la'asar, me zai fara ba ka wahala?" ka ba shi ƙofar da zai shiga ba tare da ya zama mai jayayya da maigida ba.

Akwai waɗanda ko da hakan ba za su yi magana a taro ba. Ma'aikata mata a wurin da maza suka rinjaya, da sabon ɗauka, da mai gadi, da direba, da masinja, sau da yawa su ne suka fi sanin abin da ke faruwa, su ne kuma aka fi mantawa da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin waɗannan a nemi ra'ayinsu a keɓe cikin mutunci, ko ta bakin wata babbar ma'aikaciya da suka saki jiki da ita, ko a rubuce ba tare da suna ba. Sai dai a yi hattara kada wannan ya rikiɗe ya zama kafar tsegumi. Ana tambayar mutum ne game da aiki, duk wanda ya karkata zuwa kawo sukar abokin aikinsa a dawo da shi kan hanya nan take.

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Gary Klein, ya fito da wata dabara da na ga ta dace da al'adarmu ƙwarai. Kafin a zartar da shiri, shugaba zai ce wa mutanensa su ƙaddara an yi wata shida, shirin ya rushe, kowa ya rubuta dalilin da yake ganin ya rusa shi. Amfaninta shi ne ta cire wa mai suka kunya, tunda shugaba ne da kansa ya nemi a kawo aibin. Wanda ba zai iya cewa "wannan shiri ba zai yi ba" zai iya cewa "ya rushe ne saboda kuɗin dizal ya tashi ba mu tanada ba."

Illar toshe bakin masana aiki ba ta tsaya ga ƙananan wurare ba. A ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. A daren da ya gabata injiniyoyi sun yi gargaɗin cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar ba zai yi aiki yadda ya kamata ba a cikin sanyin da ake ciki, amma manyansu suka amince a tashi. Ilimin da zai hana asarar yana nan a cikin ma'aikatan, matsin lamba ne ya danne shi.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: ka faɗa wa mutane tun farko matsayin ra'ayinsu. In shawara kake nema kai za ka yanke, ka ce haka. In kuwa abin da rinjaye ya zaɓa za a bi, ka ce haka, ka kuma cika. Babu abin da ke kashe zuciyar ma'aikata kamar a tara su da sunan shawara alhali an riga an gama magana a wani ɗaki.

Mataki na huɗu: auna zaɓi da yanke magana

Kada ka yarda a kawo maka zaɓi biyu kacal, a yi ko a bari. Ka nemi na uku. Manajan injin casa yana iya ɗaukar ƙarin leburori, ko ya mayar da lodi zuwa yamma, ko ya sayi na'urar auna damshi ya ɗora wa mutum ɗaya alhakin kwashe shanya. Kowanne a auna shi da ma'auni ɗaya: nawa zai ci, yaushe za a ga amfaninsa, wa zai ɗauki wahalarsa, me zai faru in ya ƙi. A rubuta ma'aunin kafin a fara duba zaɓin, don kada son zuciya ya gyara sikeli daga baya.

Abubuwa biyu ne suka fi karkatar da sikelin a wurinmu. Na farko alfarma. Ɗan'uwa, suruki, ɗan unguwa, wanda babban mutum ya turo da takarda, duk za su zo, kuma zumunci hakki ne da ba a wasa da shi. Amma kujerar amana ce, dukiyar da aikin na wasu ne. Gwajin da nake ba da shawara shi ne ka tambayi kanka ko za ka iya bayyana dalilin zaɓinka a gaban dukan ma'aikata ba tare da ka sunkuyar da kai ba. In kana son taimakon ɗan'uwa, aljihunka yana nan. Na biyu shi ne ƙin sakin abin da aka riga aka kashe wa kuɗi. Janareton da ya ci gyara sau shida ba dalili ba ne na a yi masa na bakwai, domin kuɗin da ya tafi ba zai dawo ba ko an ci gaba ko an tsaya, abin dubawa shi ne wanda za a kashe daga yau.

Sannan ka sa wa kanka ranar yankewa. Herbert Simon, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya nuna cewa babu mai yanke shawara da ke da cikakken bayani ko isasshen lokaci, saboda haka a aikace mutane suna tsayawa ne a kan zaɓin da ya wadatar. 'Yan kasuwar da ke hulɗa ta Illela sun ga haka a 2023 lokacin da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli: babu wanda ya san ranar buɗewa, amma dole mai kaya ya yanke ko ya jira ko ya nemi wata kasuwa, kuma wanda kayansa masu lalacewa ne jiran ma hukunci ne da ya yanke wa kansa. Ayar da ta yi umarni da shawara ita ce ta ce idan ka ƙudura niyya ka dogara ga Allah. Ka yi istihara, ka yanke, ka ɗauki nauyin abin da ka yanke a wuyanka.

Mataki na biyar: sanarwa da raba aiki

Shawarar da ba a ce wa zai yi me, zuwa yaushe, da wane kuɗi ba, ba ta wuce hira ba. Ka sanar da baki a gaban waɗanda abin ya shafa, ka faɗi dalili, sannan ka bi da rubutu. Saƙon WhatsApp yana da amfani wajen tunatarwa, amma bai dace ma'aikaci ya fara jin abin da zai sauya masa rayuwa a cikin zauren waya ba. Wanda ba a ɗauki shawararsa ba ka neme shi ka gaya masa ka ji abin da ya faɗa, ga kuma abin da ya sa aka bi wata hanya. Minti biyar ɗin nan ne zai sa ya sake buɗe baki gobe.

In ka danƙa wa mutum aiki, ka haɗa masa da ikon yin sa. Kada ka ce wa mataimakiyarka ta kula da sayen kayan aiki sannan kowace naira sai ta jira sa hannunka. Ka yanka mata iyaka, ƙasa da kaza ta zartar da kanta, sama da haka ta zo ku duba. Ku kuma ajiye ranar da za ta kawo bayani, don kada ka riƙa leƙa ta kowace safiya.

Idan shawarar ta shafi ladabtar da ma'aikaci

Wannan ya cancanci a ware shi, domin abincin iyali ne a ciki. Ka'ida ta farko ita ce kada a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba, ta biyu kuma kada a yanke cikin fushi. A kira shi a keɓe, a faɗa masa abin da ya faru da rana da wuri, a saurare shi har ya gama. Tozarta magidanci a gaban yaransa na aiki ba ya gyara shi, sai dai ya koya wa sauran ɓoye kuskure. In abin ya maimaitu a ba shi takardar tuhuma ya amsa a rubuce, a ajiye a fayil.

Shugaba ya kuma san abin da doka ta tanada. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin wa'adin sanarwa kafin a raba gari: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, manyan jami'ai kuwa takardar yarjejeniyar aikinsu ake bi, ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu ƙa'idojin aikin gwamnati. Rigimar da ta taso daga irin wannan tana zuwa Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, kuma a can takardun da aka ajiye ne za su yi magana.

Mataki na shida: bin sawu

Ka tanadi littafi guda na shawarwarin da ka yanke. A kowace ka rubuta kwanan wata, da abin da ka sani a lokacin, da abin da kake sa ran gani, da ranar da za a sake dubawa. Amfanin rubuta abin da ka sani a lokacin shi ne ya raba maka kyakkyawar shawarar da ƙaddara ta faɗa wa da gurguwar shawarar da aka yi sa'a ta ɓulle, domin in ba a rubuta ba, zuciya takan gyara labari ta ba mai ita gaskiya.

Ranar dubawa ta zo, ka tara mutanen da aka yi shawarar da su, a kawo alƙaluma. Manajan injin casa zai sa a auna karyayyar da ke cikin buhu a kwatanta da ta watan jiya, ya tambayi masu lodi ko aikin yamma ya hana su isa gida kafin magariba, ya kira mai sayen da ya yi ƙorafi ya ji ta bakinsa. In sauyin ya yi amfani, ya ambaci sunan wanda ya kawo shawarar a gaban kowa. In bai yi ba, ya ce shi ne ya yanke kuma ba ta ɓulle ba, a koma kan zaɓi na biyu da aka riga aka auna, a sa masa sabuwar ranar dubawa a cikin littafin.